ZIYARA A SHAGON MAI KWANCEN KEKE: JAWABI GA 'YAN'UWA HAUSAWAN LAFIYA

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ɗan kasuwar hatsi, ya gabatar a taronmu na wata-wata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa domin 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.)

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya a garin Lafiya, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe shugaban taro, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu dattawa, shugabannin 'yan kasuwa, matasa, da iyayenmu mata da ke saurare daga can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni ne zan yi magana a wannan zama, na ce masa ni fa ba malami ba ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, sai kuma abin da kasuwa ta koya mini. Ya ce ai shi ake so. Ya tambaye ni a kan me zan yi magana, na ce a kan keke. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, Keke Napep?" Na ce a'a, keke dai, mai ƙafa biyu, dokin ƙarfe. To kun ji inda muka kai. Abin da ya yi wa iyayenmu hidima shekara da shekaru, yau ko sunansa ma an ƙwace an ba wani.

Na ga wasu sun fara murmushi. Ku yi haƙuri ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar ta shafi aljihunmu, ta shafi karatun 'ya'yanmu, ta kuma shafi sunanmu a wannan gari da muke zaune.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada a ce ina faɗin abin da ban ɗanɗana ba. Ina da yara biyu maza a sakandare, makarantarsu da nisa daga gida. Da safe kuɗin mota, da rana kuɗin mota, da yamma kuma ga Islamiyya. Kowa a nan ya san abin da ya faru tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da aka ce an cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma sai da ta wuce naira 1,000. Mai acaba da mai Keke Napep ba su da laifi, su ma saye suke yi. Amma mai gida shi ne ƙarshen layi, a kansa kome yake saukowa.

Da abin ya ishe ni, wata rana a wata kasuwar ƙauye na ga wani mutum da keke yana ta walƙiya, fenti sabo, sirdi sabo, har da 'yan tutoci a kai. Ya faɗi kuɗi, na ga araha, na biya ba tare da na ko juya keken ba. Ni da nake soka buhun riɗi har tsakiya kafin in saya! Sati uku ba a yi ba, yaro yana dawowa daga makaranta ƙarfen ya rabu biyu daga wuya. Allah ya kiyaye, da ƙujewa kawai ya tashi, domin ba a kan babban titi ba ne. Da muka duba, ashe tsohuwar karaya ce aka like aka shafe da fenti. Mutumin kuwa ban sake ganinsa ba har yau. Hausawa suka ce araha ba ta ado, ni kuma na ƙara da cewa wani lokaci har asibiti takan kai mutum.

Wani maƙwabcina ne ya ce mini in daina saye a hannun wanda ba shi da wurin zama, in je wurin wani ɗan'uwanmu da ke da ɗan shago a cikin gari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban zo talla ba, kuma shi kansa bai san zan yi wannan magana ba. Da yawanku kun sha wucewa ta gabansa ba ku lura ba.

Na je wata ranar Asabar da hantsi. Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. A ƙarƙashin rumfar an jera kekunan da aka gama, a ciki kuma gargare da tayoyi rataye a bango, ga gwangwanayen madara cike da boris da notuna, kowane iri da gwangwaninsa. Mai shagon dattijo ne, ya ɗan girme ni, da yara biyu masu koyon aiki. Na yi sallama, muka gaisa, ya sa aka goge mini benci. Na ce keke nake so. Bai nuna mini ko ɗaya ba sai da ya yi mini tambayoyi: wa zai hau, shekarunsa nawa, tsawonsa fa, wace hanya zai riƙa bi, zai ɗauki kaya ko goyo? Na ce a raina, yau na zo wurin likita.

Na tambaye shi inda kekunan suke fitowa. Ya ce iri uku ne. Akwai na gida, waɗanda mutane suka ajiye a zaure ko bayan ɗaki shekara da shekaru, tsatsa ta ci, a kawo masa ya saya ko ya gyara. Akwai waɗanda ake kira Baljam, wato na hannu daga Turai. Sai kuma na Japan, masu kwando a gaba, waɗanda ƙarfensu ya sauko ƙasa ba sai ka ɗaga ƙafa sosai ba. Waɗannan biyun a kwantena suke zuwa ta jirgin ruwa, a sauke a Legas ko Kwatano, dillalai su rarraba, shi kuma ya sari ɗan abin da jarinsa ya kai. Shi ya sa, in ji shi, farashinsu yake bin dala. Dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, keken da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya bi ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake aikin. Na zauna fiye da awa biyu ina kallo. In keke ya zo, ba fenti ake fara yi masa ba. Kwance shi ake yi ɗaiɗai, a wanke da kananzir, sannan ya ɗauki firam ɗin ya fita da shi rana yana duba mahaɗa ɗaya bayan ɗaya: wuya, ƙarƙashin sirdi, da tsakiya inda feda take. Ya ce nan ne keke yake mutuwa. In ya ga tsaga, sai ya ware shi gefe. Sauran kuwa a canza boris na ƙafar gaba da ta baya da na tsakiya da na wuya, a cika giris, a ɗaure. Gargare kuma a ɗora shi a juya, ana ɗaure sifok ɗin nan ana sassauta wancan har sai ya daina rawa. Wannan aikin, ya ce, shi ne yake raba gwani da ɗan koyo, yaro yakan yi wata da watanni kafin hannunsa ya faɗa.

Na ba shi labarin keken da ya karye. Ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, mai saye ne yake koya wa mai sayarwa ha'inci. Ku kuna son walƙiya. In na bar keke da tsohon fentinsa, mai kyau, kowa ya wuce shi. In na fesa masa ja, a yi ta rububi." Wannan magana ta zauna mini, domin haka take a kasuwar hatsi ma.

To ga abin da na koya a wurinsa, na rubuto a takarda don kada in manta, kuma duk mai niyyar saye ya riƙe.

Na farko, a juya keke a duba ƙarƙashinsa da mahaɗansa. Inda ka ga fenti ya yi tudu ko ya yi ƙuraje, ka sa farce ka kankare. Sabon fenti a kan tsohon keke tambaya ce, sai an ba ka amsa.

Na biyu, a san irin ƙarfen. Akwai na baƙin ƙarfe, akwai na alminiyam. Na alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, yara suna son sa, amma in ya tsage mai waldar bakin hanya ba zai iya masa ba. Na baƙin ƙarfe kuwa ko a ƙauye ne za a taɓa maka shi ka iso gida. In kana shakka, ka sa mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe ne.

Na uku, lambar taya. Wannan ita ce ta fi cutar mutane. Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix da Hero lamba 28 ne. Na yara akwai 20 da 24. Amma 26 iri biyu ce: ta kekunan hawan dutse masu faɗin taya daban, ta kekunan Japan masu siririyar taya daban, ɗaya ba ta shiga gargaren ɗaya ko da kuwa duka an rubuta 26. Wasu na Japan ɗin ma 27 ne. Kafin ka biya, ka tambaya ko ana samun tayarsa da tif ɗinsa a nan Lafiya, kada ka sayi keken da sai an aika Kano ko Anaca kafin ya tashi. Haka nan bawul: akwai irin namu na da mai 'yar roba, akwai irin na mota wanda kowane mai faci zai ba ka iska, akwai kuma wani siriri na kekunan tsere wanda sai da famfonsa.

Na huɗu, a ɗaga ƙafa a juya ta. In tana rawa hagu da dama, ko tana gurnani, akwai aiki. A kama ta a girgiza, in tana ƙwas-ƙwas boris ya tafi. A duba sarƙa da haƙoran baya, domin tare suke tsufa. In ka sa sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka cinye, tsalle za ta riƙa yi.

Na biyar, birki. A kama na gaba a tura, a kama na baya a tura. Na tsofaffin kekuna na sanda ne, yana da ƙarko amma ba ya ci sosai in gargare ya jiƙe, mu kuwa nan damina tana da tsawo. Na waya ya fi ci, sai dai wayar takan tsinke, a riƙa dubawa.

Na shida, giya. Yaro zai nace sai mai giya da yawa. Mai shagon ya ce in ba tudu ne a hanyarsa ba, a saya masa mara giya, domin ƙarfen giyar da ke rataye a baya faɗuwa ɗaya take lanƙwasa shi, kullum kana wurin mai gyara.

Na bakwai, kuma wanda ya fi duka, rasit. Kusan kowane keke yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin tsakiya. Wannan bawan Allah yana da littafi, duk keken da ya saya a hannun mutum sai ya rubuta lambar, da sunan wanda ya kawo, da wanda ya tsaya masa. Ya ce yaro ƙarami in ya kawo masa keke ba ya saye sai da ubansa. In ya sayar kuma ya rubuta lambar a rasit. Ya ce shekarunsa a wannan sana'a ba a taɓa kiransa caji ofis a kan kayan sata ba, kuma littafin nan ne ya tsare shi bayan tsarewar Allah.

Ina nan zaune wani manomi ya zo daga wajen Doma, ba Bahaushe ba ne, ya nuna wani keke yana so. Mai shagon ya ce masa da bakinsa, "Wannan an taɓa yi masa walda a nan, ga wurin. In hawa kawai za ka yi, zai yi maka. In doya za ka ɗora, bar shi, ɗauki wancan." Wancan ɗin kuma ribarsa ba ta kai ta wannan ba, domin na tambaya daga baya. Jama'a, wannan shi ne abin da aka karantar da mu a babin ciniki na littafin Risala tun muna yara: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayarwa. Malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. Mun haddace a Islamiyya, amma ni sai a rumfar mai keke na ga ana aiki da shi a fili, ga kuma baƙo wanda ba ya ko jin Hausa sosai.

A nan nake son mu tsaya kaɗan. Mu a Lafiya mun tarar da masu gari. Barebari ne suka kafa ta, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari, kuma muna zaune tare da Alago da Gwandara da Eggon da Migili da Tibi da Fulani da sauransu, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya hau gadon sarauta a 2019. Kakanninmu da iyayenmu fatauci ne ya kawo su, wasu a ƙasa, wasu a jirgin ƙasa. Ba su zo da gona ba, ba su zo da sarauta ba. Jarinsu amana ce. Kuma ku sani, a inda kake baƙo, in ka cuci mutum ba za a ce wane ya cuce shi ba, cewa za a yi Bahaushe ya cuce shi. Mutumin da ya sayar mini da karyayyen keke, da wani ya sayar wa ba ni ba, da dukanmu ya shafa wa baƙin fenti. Shi kuwa wannan dattijo, duk manomin da ya koma ƙauyensu da keke mai kyau, ya tafi da sunanmu mai kyau. Ƙungiya ba ta taɓa ba shi ko takardar yabo ba, amma aikin da yake yi mana ya fi na wasunmu masu manyan riguna.

Dattawan da ke nan sun san matsayin keke a da. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da Raleigh ɗinsa ya ci kasuwannin ƙauyukan nan, Doma da Agyaragu da Assakio, ya tafi da gishiri da goro da yadi, ya dawo da abin da Allah ya hore. A lokacin har a Kano ake haɗa Raleigh. Keke yana da lasin, ana maƙala masa lamba, in ba ka da fitila da dare ɗan doka ya kama ka. Ranar Juma'a a wanke shi a goge kamar doki. Mu kuma yara a wurin mai hayar keke muka koya, a ba ka minti kaɗan, ka wuce lokaci ka dawo a ja maka kunne. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da mai awo, duk a keke suke, kuma ba wanda ya raina su.

Me ya canza? Kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, kowa ya koma babur da mota. Daga baya baburan Sin masu araha suka cika gari. Lafiya ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996, gari ya buɗe, motoci suka yi yawa. Masana'antun da suke yi mana kaya a gida kuma suka yi ta rufewa. Ko tayar mota, Michelin ta daina yi a Nijeriya a 2007, Dunlop ta bi baya. Sai keke ya zama alamar talauci a idonmu. A 2001 wani ministan sufuri, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya hau a Abuja, mota ta ture shi ya faɗa rami, aka yi ta yi masa dariya a jaridu. Yau ga shi abin da ya faɗa tsadar mai ta sa muna yi ba tare da an roƙe mu ba.

Kuma abin mamaki, ƙasashen da suke aiko mana da waɗannan kekuna ba matalauta ba ne. A Holan kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa, manyan ma'aikata da shi suke zuwa ofis. A Japan uwa takan kai ɗanta makaranta a kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta ware ranar 3 ga watan Yuni ta kowace shekara ta zama ranar keke ta duniya. Su da suke ƙera mota ba su ji kunyar keke ba, sai mu da muke sayen kwancenta.

Yanzu bari mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ce yaro yana biyan naira 300 zuwa, 300 dawowa. Kowa ya sa nasa adadin, ni misali nake bayarwa. Naira 600 ke nan a rana, 3,000 a sati na kwana biyar. Zangon karatu na sati 13 ya kama 39,000, zango uku 117,000 a shekara, a kan yaro ɗaya, ban sa Islamiyya ba, ban sa aike ba. Je ka tambayi kuɗin keke na hannu mai kyau ka kwatanta. Ko ka ƙara kuɗin faci da taya da giris, za ka ga ya biya kansa, kuma in an kula da shi ƙane zai gada daga wa. Kuɗin mota in ka biya ya tafi. Keke kuwa kadara ce, ranar da ka matsu ka sayar.

Akwai abin da ya fi kuɗin ma. Yara nawa ne a unguwanninmu, daga Tudun Gwandara zuwa Sabon Pegi zuwa Bukan Sidi, suke fashin makaranta ranar da babu kuɗin mota a gida? Nawa ne suke zuwa Islamiyya an kusa tashi? Malaman Islamiyyarmu kansu, ɗan abin da muke ba su nawa ne yake saura bayan sun biya acaba? Ni tun da na saya wa yarana, ban sake jin "Baba, yau ba kuɗin mota" ba. Ni ma na karɓi ɗaya irin na Japan mai kwando, da shi nake zuwa masallaci da shago in ba kaya zan ɗauko ba. Makon farko abokai sun yi ta tsiya, wai Alhaji ya karye. Na ce ban karye ba, gwiwata ce ma ta daina ciwo. Likitoci sun daɗe suna gaya wa masu hawan jini da ciwon sukari su riƙa motsa jiki, mu kuwa daga kujerar shago sai kujerar mota.

Ba zan ɓoye muku aibin hajata ba, tunda yanzu na gama wa'azi a kan haka. Keke yana da haɗari a garin nan. Hanyar da ta taso daga Akwanga ta ratsa Lafiya ta nufi Makurɗi yanzu tagwaye ce, manyan motoci gudu suke yi, kuma ba a ware wa mai keke nasa gefen ba. Hanyar Shandam da ta Doma su ma ba wasa. Saboda haka duk uban da zai saya wa yaro, ya bi shi ranar farko ya nuna masa hanyoyin cikin unguwa. Ya hau ta hannun dama tare da motoci, kada ya fuskance su. In zai tsallaka babban titi ya sauka ya tura. Ban da kama bayan tirela, ban da goyon mutum biyu, ban da sakin hannu. A sa ƙararrawa, a sa fitila da abin ƙyalli a baya, domin yaranmu da yawa bayan magariba suke dawowa daga karatu. A saya masa kwaɗo da sarƙa, saboda ɓarawon keke bai yi ritaya ba. Sirdi kuma a daidaita shi da tsawon yaro, kada a sayi wanda ya fi ƙarfinsa wai don ya girma da shi. Maganar 'ya'ya mata kuwa, na san ra'ayi ya bambanta, na bar wa iyaye da malamai, illa dai in ce su ma suna fashin makaranta saboda kuɗin mota, a nema musu mafita.

Kafin in tashi daga shagon na tambayi dattijon abin da ya fi damunsa. Na zaci zai ce jari. Sai ya ce magaji. Ya ce yaran yanzu in an kawo su koyo, wata biyu su gudu su koma acaba, domin can kullum akwai kuɗi a hannu. Yara biyun da na gani, ɗaya ne kawai ɗan Hausawa. Ya ce, "In na mutu, littafin nan da sifanun nan a kilo za a sayar." Wallahi maganar ta taɓa ni. Muna da samari suna zaune a bakin titi daga safe har dare, ga sana'a tana neman mai ɗauka. Kuma wanda ya iya ɗaure gargare da haɗa boris, gyaran babur da injin ban ruwa da keken guragu ba zai gagare shi ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon wannan zama ya duba shawarwari huɗu.

Ɗaya, a kafa adashin keke a ƙarƙashin ƙungiya. Mutum goma su haɗu, kowane wata a saya wa ɗaya, a fara da marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ba ruwa ba ƙari.

Biyu, duk mai tsohon keke a zaure ya fito da shi. Na tabbata in aka zaga gidajenmu za a tara da dama. Ƙungiya ta biya kuɗin gyara, a ba malaman Islamiyya da ɗalibai masu zuwa daga nesa. Sadaka ce mai gudana, da abin da tsatsa take ci a banza.

Uku, a zaɓi samari ko da huɗu ne a kai su koyon gyaran keke wurin masu sana'ar da muka yarda da amanarsu, ƙungiya ta ɗauki abincin ranarsu, wanda ya kammala a saya masa kayan aiki. In ba a tallafa musu da na abinci ba, acaba za ta janye su.

Huɗu, 'yan'uwanmu masu sayar da kayan hannu, keke ne ko waya ko babur, a roƙe su kowa ya buɗe littafi ya riƙa ba da rasit, kuma kwamitin sulhu ya karɓi ƙarar duk wanda aka ɓoye wa aibi, ɗanmu ne ko ba ɗanmu ba.

Don kada a ce na zo da baki kawai, ni na ɗauki gyaran kekuna biyu na farko, kuma tsohon Raleigh na mahaifina da ke rataye a zaurenmu, shi ne zan fara kawowa. Sakatare ya rubuta, in ban cika ba a tambaye ni a zama mai zuwa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya shirya mana zuriya, ya tsare su a kan hanya, ya zaunar da Lafiya da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.